Ramin da ke Gindin Aduwa

Na fara ganin Rabo Kalla ranar Litinin, sha ɗaya ga Nuwamba 2019, a biron, wato ofishin, da nake aiki cikin merin Dakoro, ma'aikatar magajin gari, inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Ya zo yi wa ɗiyarsa takardar haihuwa. Na nuna masa benci. Ya ɗan ɗosana, ya tashi, ya leƙa taga, ya dawo ya ɗauki hatimina ya jujjuya ya ajiye. Ina rubutu yana kaɗa makullin moto, wato babur, a yatsa. Da na sa hannu na miƙa masa takardar, sai ya dubi salularsa ya ce, "Mushe, minti tara. Wanda ya riga ni sha biyu ka yi mishi. Mi ya sa?"

Mushe ake ce wa ma'aikaci irina a nan. Na ce wancan sai da aka koma gida aka ɗauko katin matarsa.

"To ka gani," in ji shi. "Komi da dalilinai. In an auna sai a gane."

Na ɗauka irin mutanen nan ne da ke zuwa biro su nemi magana. Amma bai tafi ba. Ya tsaya yana duban rajistar da ke gabana, ya ce bai taɓa ganin mai rubuta lamba tsaf kamar ni ba, bakwai ɗina ba ta kama da ɗaya. Ya tambaye ni me nake yi ran Lahadi bayan la'asar. Na ce ba komi. Ya ce to in zo fakon da ke hanyar Birnin Lalle, in taho da bik, alƙalamin rubutu.

Abin da na sani na tarihinsa, rabi daga bakinsa na ji, rabi daga bakin mutane. An haife shi a wani ƙauye kusa da Bader Goula. Ubansa Kalla manomin hatsi ne, ya so ya riƙe shi a gona, bai riƙu ba. Ya bar lakkwal, makarantar boko, kafin ya gama firamare, ya zo Dakoro ya koyi gyaran rediyo, ya bari ya kama kabu-kabu, ya bari ya tafi Tahoua, daga can Agadez, ya dawo da akwatin kayan gyaran salula ya buɗe rumfa kusa da tasha. Ko a rumfar ba ya zama. A tsaye yake gyara, a tsaye yake cin abinci. Abu guda ne bai taɓa bari ba tun yana saurayi, shi ne gudu da moto.

Ya auri Raliya, ɗiyar Intalla. Intalla makiyayin raƙuma ne, asalinsu mutanen Azawak, ya daɗe da zama a gefen gari. Dogo ne, mai naɗa rawani har ya rufe baki, ba ya yawan magana. Tsakaninsa da Rabo kuwa akwai kunyar surukuta mai ƙarfi. Rabo ba ya kama sunansa, ba ya ci ko sha a gabansa, in ya hango shi a hanya sai ya sauka daga moto ya tura ta da hannu har ya wuce.

Fakon da ya kira ni fili ne mai tauri, babu shuka. Masu moto su goma sha biyu zuwa sha biyar ne suke taruwa, ƴan kabu-kabu, makanikai, da wani malamin lakkwal. Sun jera tsofaffin tayoyi sun fitar da hanya mai zagaye, wajen kilomita ɗaya da rabi: kwana huɗu, da miƙaƙƙen wuri guda mai tsawo ta gefen arewa. Akwai rijiyar shayar da dabbobi kusa da wurin, saboda haka meri ba ta ba su filin ba sai ran Lahadi, daga la'asar zuwa gab da magariba, bayan makiyaya sun gama ban ruwa. Sauran kwanaki dabbobi ke ratsawa. Ba a tashi tare, don hanyar ba ta da faɗi. Mutum guda ke shiga, ya yi zagaye uku, a faɗi lokacinsa.

A faɗin lokacin nan ne rigimar take. Kowa da agogon salularsa, kowa da abin da ya gani. Wanda abokinsa ke gudu sai ya danna da wuri. Ranar da na fara zuwa, an kusa dambe kan daƙiƙa biyu. Rabo ya kawo ni don ni ba ni da moto kuma ba ni da aboki a cikinsu. Aka ba ni tebur da kujera, nake dannawa ina rubutawa. Sati uku aka yi ana yarda da ni. A na huɗu wani ya ce yatsan Mushe ya tsufa.

Rabo bai yi gardama ba. Ya ɓace kwana biyar, ya dawo da katako mai tsawon faɗin hanya. A ƙarƙashinsa ya liƙa maɓallan ƙararrawar ƙofa, ya ja waya daga nan zuwa wata tsohuwar salula a teburina. Aka binne katakon daidai da ƙasa a bakin layi. Duk sanda taya ta taka, salular ta rubuta lokaci da kanta. Yashi ya shiga maɓallan, ya nannaɗe su da robar taya. Tayar gaba da ta baya suka riƙa bugawa sau biyu, ya gyara. Wata akuya ta tsaya a kai ta ba malamin lakkwal zagayen da babu mai iya yin irinsa a duniya, aka yi ta yi masa kirari har wata guda. Amma daga nan gardama ta mutu. Katako ba shi da aboki.

Da wani ne, da ya tsaya nan. Rabo kuwa sai ya ce katakon yana faɗin nawa ne kawai, ba ya faɗin a ina. Ya samo wata manhaja da ke bin motsin salula ta tauraron ɗan'adam, ko babu rezo, wato sabis ɗin waya, tana rubuta inda moto take da irin gudunta a kowace daƙiƙa. Ya ɗaure salular a kan tankin mai da roba. Lokacin zafi salular ta riƙa mutuwa, sai ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma. In an tashi sai ya biyo ni gida, mu zuba abin cikin tsohuwar ordinatar tawa, wato kwamfuta. Ga abin da ke fitowa: layi guda mai hawa da sauka. Inda moto ta yi gudu layin ya hau, inda ta shiga kwana ya sauka. Ni nake ba kowane zagaye suna da kwanan wata in adana. Shi kuwa yana tsaye a bayana, yana cewa in buɗe wancan, a'a, wancan, in koma na farko.

Cikin masu gudun duka, biyu ne a gaba. Rabo, da Samba, wani yaro mai shekara ashirin da huɗu da ke sayar da maganin dabbobi. Samba ba shi da nauyi kuma ba shi da tsoro, kuma bakinsa ya fi motonsa gudu. Kawu yake ce wa Rabo.

"Kawu, yau ma in jira ka a layi, ko in wuce gida?"

"Wuce gida, uwarka na neman mai ɗebo mata ruwa."

A ƙarshen 2022 wata ƙungiyar masu moto ta Maradi ta aiko cewa za ta yi tsere na ƴan sha'awa, kowane gari ya turo mutum guda. Mutum guda. Ƴan fako suka zauna suka yanke cewa ranar Lahadi ta farkon Maris kowa zai yi zagaye uku, wanda katako ya ba shi ne zai tafi. Rabo yana da shekara talatin da takwas a lokacin. Ya ce mini tun yana kabu-kabu yake son ya tsaya a layi a gaban mutanen da ba su san shi ba, a kira sunansa da sunan Dakoro. Ya ce bayansa ya fara ciwo, in bai je bana ba to ba zai je ba. Samba kuwa yana gabansa da daƙiƙa biyu zuwa uku a zagaye uku, kusan kowace Lahadi.

Daga ranar barci ya ƙaurace masa, ni ma ya hana ni sakat. Sai ya zo biro da rana tsaka, ya tsaya a taga yana yi mini alama. Wata rana cikin Janairu ya ce in ɗora layinsa a kan na Samba, mu gan su tare. Na ɗora, nasa ja, na Samba shuɗi. A kwana huɗun nan duka ja ne a sama, wato Rabo ya fi iya shiga kwana da fita. Sai a miƙaƙƙen wurin nan na arewa, inda kowa ke murɗa wuta har ƙarshe. Shuɗi ya hau sumul. Ja ya hau, ya kai tsakiya, ya faɗa kamar an haƙa rami, sannan ya sake hawa. Muka buɗe na satin baya, ramin na nan. Na watan baya, yana nan. Kowane zagaye, wuri guda. Na lissafa, ramin yana cin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi a zagaye.

"Moton ce," in ji Rabo. "Tana shaƙewa."

Sati biyu ya yi yana kwance moton. Ya canza buji, ya wanke karbirato, ya canza sarƙa, ya daina sayen isansin kwalba, fetur ɗin bakin hanya. Ramin bai motsa ba. Sai ya roƙi Samba su yi musaya, kowa ya hau ta ɗan'uwansa. Samba ya ce ya yarda, amma in ta tsufa a hannunsa kada a ce shi ne. Suka yi. Da muka buɗe, moton Rabo a hannun Samba ta hau sumul. Moton Samba a hannun Rabo ta faɗa rami.

Rabo ya ɗauki salularsa ya tafi. Washegari da safe, kafin in tafi aiki, ya ɗauke ni a moto, Samba na biye. Muka shiga fakon a ƙafa, Rabo na riƙe da salula yana bin ɗigon da ke nuna inda ramin yake. Ya yi ta tafiya kansa a sunkuye har ɗigon ya tsaya. Ya ɗaga kai. Kamar taku goma daga bakin hanya akwai itacen aduwa, ita kaɗai ce inuwa a wannan gefen. A gindinta ga tokar gawayin shayi, ga gurbin tabarma a yashi.

Nan Intalla yake zama kowace Lahadi. In ya gama shayar da raƙumansa sai ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora shayi, ya yi kallo har a tashi.

Samba ya fashe da dariya har ya dafa gwiwa. "Wallahi Kawu, na ɗauka ka sani! Kowa na ganin ka. In ka zo nan sai ka sunkuyar da kai, ka ɗaga yatsu, kamar mai shiga zauren liman."

"Ƙarya kake."

"Tambayi Mushe."

Na ce ni teburina yana can nesa, ban taɓa lura ba. Amma abin ya fito fili. Hannun dama ne ke riƙe da wutar moto, kuma da hannun dama ake gaisuwa. Duk sanda Rabo ya zo daidai surukinsa, hannun sai ya saki wuta ya buɗe, kai ya duƙa, sannan ya sake murɗawa. Shekara uku yana yi bai sani ba.

"To ka gaishe shi da hagu mana," in ji Samba.

Rabo ya juyo ya dube shi. "Da hagu? Uban matata? Kai dai ba a yi maka aure ba."

Tun daga nan ya shiga neman hanya. Ya fara da Raliya. Shi ya ba ni labari, yana kai da kawowa a tsakar gidana. Ya ce mata ko za ta ɗan gaya wa Abba cewa ƙarar moto na da yawa a gindin aduwar nan, akwai wata inuwa can gaban rijiya. Ta ajiye ludayi ta ce, "Ni in ce wa Abbana ya tashi daga inuwar da yake zama tun ba a haife ni ba, don kai ka yi wasa? Je ka gaya mishi da bakinka." Ta san ba zai iya ba.

Ya kawo wa ƴan fako shawara a janye tayoyin arewa a kawar da hanyar daga itacen. Suka ƙi. Ni ma na ƙi, na faɗa masa dalili: in an taɓa hanyar, lokutan shekara uku da muka adana sun tashi a banza, kuma kowa zai ce an gyara fili don mutum guda. Ya ce a juya, a riƙa zagayawa ta ɗaya hannun. Na ce itacen ba zai tashi ba don an juya.

Sai ya ce zai danne hannun. Ya zo da roba zai ɗaure shi a kan wuta, malamin lakkwal ya ƙwace ya ce ba za a yi gawa a gabansa ba. Lahadi ta biyu cikin Fabrairu ya shiga da niyya. Na bar teburin ga malamin, na je na tsaya inda zan gani. Zagaye na farko Rabo ya taho, ya kafe kai gaba, ya wuce aduwar kamar harsashi, hannu bai motsa ba. Na ji ƴan kallo sun yi ihu. A zagaye na biyu kuwa, tun kafin ya iso sai na ji ƙarar moton na raguwa. Ya taka burki, ya tsaya, ya kashe ta. Ya cire hular kwano, ya tuɓe takalmi, ya taka zuwa gefen tabarmar ya durƙusa.

"Barka da hutawa, Abba."

Intalla ya ja rawaninsa sama kaɗan. "Barka kadai. Lahiya? Ta lalace ne?"

"A'a, Abba."

"To."

Rabo ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya tashi ya tura moton da hannu har bakin layi. Da muka buɗe layin, zagayen farkon nan ya fi duk wanda aka taɓa yi a fakon. Rabo ya dube shi ya ce in rufe. Ya ce tun da ya wuce itacen ya ji kamar ya taka wa mutum tabarmar salla.

Saura sati biyu sai ya zo ya ce ni zan je. Na ce ba aikina ba ne. Ya ce ni babba ne, ma'aikaci, kuma ba surukin kowa ba ne a gidan. Ya zo da safe, ya zo da rana, ya aiko mini da tsire. Na gaji na yarda.

Ranar Asabar da hantsi na tarar da Intalla a ƙofar gidansa yana gyara akalar raƙumi. Muka gaisa, muka tambayi dabbobi da iyali da zafi. Sai da aka sha kofin shayi na biyu na fito da salula. Na nuna masa layin, na ce nan moto na gudu, nan tana rage gudu don kwana. Ya bi da yatsa a hankali har ya zo ramin.

"Nan hwa? Babu kwana nan."

"Nan ce aduwa, Baba."

Ya dubi layin, ya dube ni. Na ga idanunsa sun ƙanƙance a saman rawani, kafaɗunsa na motsi. "Wanga ramin ni ne?"

"Kai ne, Baba."

"Abin ga har ya san inda nike zama?"

Na yi masa bayanin Maradi, da mutum guda, da daƙiƙun da ke tsakanin Rabo da Samba. Ban ce ya tashi ba. Na faɗi abin da ke akwai kawai. Ya zuba na uku, ya miƙo mini.

Ya ce shi ma ya yi tseren raƙuma da ƙuruciya, kuma a kan raƙumi mai gudu ba a gaida kowa, ko uban mutum ne. Ya ce ya daɗe yana ganin yaron na ɗaga hannu, yana ta so ya ce masa ya bari, amma ta yaya? "In ce wa mijin ɗiyata kada ya gaishe ni? A gaban mutane?" Ya girgiza kai. Ya ce shi dai yana son kallon, kuma a cikinsu duka babu mai kwantar da moto a kwana kamar mijin Raliya. Bai kama sunan Rabo ba, shi ma.

Na ce, "To Lahadin, Baba?"

"Lahadi na da nisa, Mushe. Sha shayinka."

Haka na kai wa Rabo. Ya sa na maimaita sau uku. Ya ce to zai zo ko ba zai zo ba? Na ce ban sani ba. Satin nan ya rufe rumfa da wuri kullum, ya wanke moton da ba ta yi datti ba, ya duba katako, ya sake duba wayar.

Ranar biyar ga Maris mutane suka taru fiye da kullum, har da masu sayar da ruwan sanyi. Na gwada katakon da ƙafata, ya buga. Na hangi arewa: gindin aduwa babu kowa. Babu tabarma, babu hayaƙin shayi. Rabo ma ya gani. Ya zo teburina ya ce, "Bai zo ba," ya tafi, ya dawo ya ce, "Ko lafiya?" Na ce raƙumansa sun sha ruwa da azahar, na gan su. Ya ce to.

Aka yi ƙuri'a, Samba ya riga shi shiga. Ya yi gudu mai kyau, minti huɗu da daƙiƙa ɗaya. Da ya cire hula ya ce, "Kawu, ga hanya, na share maka." Amma muryarsa ba ta yi ƙarfi ba, don ya san abin da zagayen nan na Fabrairu ya nuna.

Rabo ya ɗaure salula a tanki, ya yi bisimilla, ya taka katako. Daga teburina ba na ganin hannu, ƙara kawai nake ji. Ya fita kwana ta biyu, moton ta buɗe murya, tana hawa, tana hawa. Daidai tsakiyar arewa sai na ji ta ɗan yi ƙasa, kamar mai haɗiyar miyau, sannan ta ci gaba. Na ce wa kaina iska ce. A zagaye na biyu na sake ji. A na uku ban ma saurara ba, na kafa ido a kan salular tebur. Taya ta taka katako. Minti huɗu da daƙiƙa biyu da rabi.

Na faɗi lambar da ƙarfi kamar yadda na saba. Abokan Samba suka ɗauke shi sama. Rabo ya tsaya can gefe, bai sauka ba, bai kashe moton ba. Daga baya ya kwance salular ya kawo mini, muka buɗe a nan kan tebur. Rami uku, a wurinsu.

"Babu kowa a wurin, Rabo," na ce.

"Na sani, Mushe. Na ga babu kowa." Ya dubi tafin hannunsa na dama, ya buɗe ya rufe. "Gurbin tabarmar na nan. Da na hango shi, sai na ji hannun ya tafi."

Sai wata murya ta ce daga bayana, "Ramin yana nan?"

Na waiwaya. Intalla ne, a tsugune bayan amalanken mai ruwan sanyi, ya ja rawani har kusan ido. Ashe tun kafin a fara yake wurin, inda ba za a hango shi daga hanya ba. Rabo ya yi sauri ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Na ce, "Yana nan, Baba."

Intalla ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Bai dubi Rabo ba, ni ya duba. "Na bar inuwata na zo na sha rana a banza ke nan," ya ce. Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce in gaya wa mijin Raliya an haifi ɗan raƙumi a gida, in yana so ya zo ya gani. Ya tafi.

Samba ne ya je Maradi. Rabo ya raka shi, shi ya ɗaura masa salula, shi ya nuna masa inda yake ɓatar da lokaci a kwana. Samba ya zo na shida. Ƙungiyar ba ta sake shirya tseren ba.

Lahadin da ta biyo bayan zaɓen Intalla ya koma gindin aduwarsa, kuma har yau can yake zama in yana gari. Rabo ya ci gaba da gudu har damina ta sauka, daga nan ciwon baya ya sa ya sayar da moton tseren ya sayi ƙarama ta zirga-zirga. A 2024 ya bar wa wani ƙanensa rumfar salula, ya kama aikin saka na'urar bin sawu a motocin da ke ɗaukar dabbobi, yana kwana biyu a Dakoro, kwana uku a Maradi ko a hanya. Raliya da yaran suna nan gidansu, ɗiyar da na yi wa takarda ta shiga lakkwal. Katakon yana aiki har yanzu, an canza masa maɓallai sau biyu, ni ke riƙe da shi. In Lahadi ta same shi a gari, Rabo yana zuwa fako ya ɗaura wa yara salula, ya tsaya a bayana yana cewa in buɗe wancan. Bai sake shiga tsere ba.